Littafin Ƙungiya

A Panteka, bayan layin masu walda,
akwai rumfa mai kwano biyu da benci ɗaya.
Nan muke ajiye littafin ƙungiya,
mai baƙin bango, ya sha man inji har yana ƙyalli.

Wanda janareta ya gagara
sai ya zo ya rubuta: ga ciwon, na gwada kaza, ya ƙi.
Ya kama gabansa. Ba a amsa masa a ranar.
Wataƙila Laraba, wataƙila sai wata ya kama,
Baba Tanimu ya ɗora tabarau mai ɗaurin zare,
ya rubuta layi uku, ya rufe.
A ƙarƙashinsa Yayok ya ƙara da rubutunsa mai gicciye:
"Haka ne, amma a fara duba kafireta."
Wani ya zo ya musa wa Yayok,
wani ya zana bawul, ya fito kamar tarwaɗa.
Shafi ɗaya, shekara huɗu ana gardama,
ba wanda ya ɗaga murya.

Sai Barau ya buɗe mana zaure a waya.

Ba zan ci amanarsa ba.
Daren da inji ya mutu a hannuna a gidan biki a Barnawa,
uwar amarya tsaye a kaina da tocila,
na tura hoto, kafin in goge hannu
mutum bakwai sun amsa.
Shida sun yi kuskure. Na bakwai ya fishe ni kunya.
Ranar da kogi ya shiga ɗakin Iliya a Nasarawa,
kafin azahar an haɗa masa kuɗin katifa.
Littafi bai taɓa yin wannan ba.

Amma Baba Tanimu ya rasu kafin damina.
Watanni kafin nan ya turo saƙon murya,
minti shida, da tari a tsakiya,
kan yadda ake naɗa koyil ɗin tsohon injin niƙa,
irin wanda aka daina shigowa da shi tun ina yaron shago.
Na saurara ina cin rogo, na ce zan koma kai.

Yau ga injin a gabana, daga Kujama aka kawo shi.

Ina ta jan allo da babban yatsa.
Barka da Juma'a. Barka da Juma'a. Amin. Amin.
Fili na sayarwa a Rigacikun.
Wa ya ari sifana sha huɗu bai dawo da ita ba?
Rigimar ƙwallo ta kwana biyu.
Ta'aziyyar Baban kansa, ɗari da wani abu,
kowa na cewa ilimi ya tafi,
su suka binne muryar.
Barau ya ce wayarsa ta cika, ya share.
Yayok ya ce tasa ta faɗa kwata a Kakuri.
Sabon yaro ya yi tambayar da aka yi sau biyar,
aka ce masa, "An riga an faɗa."
A ina?
Can sama, inda ruwa ya wuce.

Na taka zuwa rumfa.
Littafin na ƙarƙashin benci, ɓera ya ci kusurwarsa.
Shafi na tamanin da uku, ga hannun Baba:
lambar waya ta jan ƙarfe, adadin zagaye,
sai kuma, "Sauran idan mun haɗu."

Na ari biro wurin mai shayi,
na rubuta abin da kunnena ya riƙe, bai kai rabi ba.
Na ɗauki hoton shafin na tura zaure.
Yatsu arba'in suka ɗaga.
Sai matar Barau ta haihu,
barka ta tura hoton sama.

Na bar layi goma babu komai a ƙasan nawa,
na ɗaure biron da zare a jikin bango,
na ce wa mai shayi zan biya.